Yadda Muka Samar Wa Hajiya Kulawar Gida A New York, Da Waɗanda Ke Bin Sawun Kuɗin

Mahaifiyata, wadda muke kira Hajiya, ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu a birnin New York, tana yi musu wanka da girki da rakiya asibiti, har ta yi ritaya. A ƙarshen 2023 ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma da aka sallamo ta zuwa gidanmu da ke Bronx sai ya zamana ita ce mai buƙatar irin hidimar da ta yi wa iyayen wasu. Na ɗauka tunda ta san harkar ciki da bai ba za mu sha wuya ba, ashe abin da ta sani ɓangaren ma'aikaci ne kawai. Ɓangaren mai nema, da takardunsa da wa'adinsa da hukumomin da ke bin sawun kowace dala, babu wanda ya san shi a gidanmu. Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwa Hausawa mazauna nan, na Nijeriya da na Nijar da na unguwannin zango na Ghana, waɗanda iyayensu suka tsufa a hannunsu, ko Allah zai sa su kauce wa ramukan da muka faɗa.

Ruɗanin farko shi ne mun zaci katin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, da Hajiya ta samu tun da ta cika shekara 65 zai biya mai kula da ita. Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a asibiti ce ta fahimtar da mu cewa Medicare yana biyan magani da gashin ƙashi da ziyarar nas na ɗan lokaci, amma kulawa mai ɗorewa ta wanka da sa tufafi da kai mutum bayan gida, wannan aikin Medicaid ne, shirin da gwamnatin tarayya da jihohi suke haɗa kuɗi suna gudanarwa tun 1965. Saboda haka a farkon 2024 muka cike fom ɗin neman Medicaid tare da wani ƙarin fom da ake buƙata daga masu shekara 65 zuwa sama, wanda yake tambayar dukiyar mutum dalla-dalla. A shekarar, iyakar kuɗin shiga ga mutum ɗaya dala 1,732 ce a wata, iyakar ajiya kuma dala 31,175, kuma fanshon Hajiya bai kai haka ba. Mun haɗa takardar zamanta 'yar ƙasa, da wasiƙar fansho, da yarjejeniyar hayar gida, da bayanan banki. Ba a biyan ko sisi wajen nema, iyakar abin da na kashe kuɗin jirgin ƙasa ne, dala 2.90 kowace tafiya, da kuɗin kwafin takardu. Abin da ya ja mana jinkiri laifinmu ne: kuɗin adashen da Hajiya take riƙe wa ƙawayenta yana shiga asusunta yana fita, ba mu kuwa yi bayaninsa ba, sai da aka rubuto mana ana tambayar asalin kuɗin. Muka rubuta bayani, matan adashen suka sa hannu, sannan aka ci gaba. Doka ta ba hukuma kwana 45 ta yanke hukunci, mu kuwa mun cinye kusan dukkansu. Daga baya ne na ji cewa akwai hanyar gaggawa ga wanda ba shi da mai kula da shi, inda ake duba cancantar Medicaid cikin kwana 7, a duba batun kulawar cikin kwana 12, in an haɗa da takardar likita da kuma takardar shaidar matsananciyar buƙata.

Da Medicaid ya fito, sai matakin tantancewa. Tun watan Mayun 2022 jihar New York ta ɗauke wannan aiki daga hannun likitan mutum ta damƙa wa wani ofishi mai zaman kansa, wanda yake tsara ganawa biyu, ta farko da nas, ta biyu da likita ko mataimakinsa wanda bai taɓa duba majinyacin ba. Mun zaɓi a zo gida maimakon ganawa ta bidiyo, mun kuma nemi tafintan Hausa, wanda ake bayarwa kyauta ta waya. A wannan ganawa ne muka kusa yin babbar asara, kuma kunya ce ta kusa ja mana. Nas ɗin tana tambaya ko Hajiya tana iya shiga wanka da kanta, Hajiya tana cewa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Aka tambaye ta batun bayan gida, ta sunkuyar da kai ta ce babu komai, domin ɗanta na fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa, yana zaune a falon. Tafinta kuwa abin da ya ji yake mayarwa, nas tana rubutawa. Sai Yaya ya gane, ya ce, "Hajiya, bari in ba ku wuri, amma don Allah ki faɗa mata yadda abin yake, ba ƙorafi ba ne." Da ya fita sai ta dube ni ta ce, "Auta, ke ki faɗa mata." Na faɗi yadda nake ɗaga ta da asuba, da sau nawa take tashi cikin dare, da ranar da ta zame a bakin baho. Ganawar ta ɗauki fiye da awa biyu, kuma na fito daga cikinta zuciyata a dagule, domin ban taɓa bayyana raunin mahaifiyata ga baƙo ba. Amma amsoshin nan su ake mayarwa maki, makin kuma su ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Wanda ya amsa da irin gaisuwarmu ta "lafiya lau" za a rubuta masa lafiya lau. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu, domin daga 1 ga Satumban 2025 sabon mai nema sai ya kasance yana buƙatar a kama masa a ayyukan yau da kullum fiye da biyu, irin su wanka da sa kaya da tafiya, ko kuma fiye da ɗaya da sa ido in yana da cutar mantuwa.

Da sakamako ya nuna Hajiya ta cancanta, aka ce mu zaɓi ɗaya daga cikin kamfanonin inshorar kulawa mai dogon zango, domin mai Medicare da Medicaid tare, wanda zai buƙaci kulawa fiye da kwana 120, ta hannunsu yake bi. Jiha tana biyan kamfanin wani adadi a kowane wata a kan kowane mutum, kamfanin kuma shi yake yanke yawan awannin da za a bayar. Sanin wannan ya taimake ni daga baya, domin ya nuna mini cewa kowace awa da aka ƙara wa Hajiya daga cikin kason kamfanin take fita. Mun gana da kamfani biyu, muka zaɓi wanda ya rubuta mana awa 35 a mako. Rajista tana fara aiki ne ranar ɗaya ga wata, mu kuwa mun sa hannu a makare, saboda haka muka ƙara jiran wata guda cur, ni ina hutun da ba albashi daga wurin aikina.

Daga nan muka zaɓi tsarin da ake kira CDPAP, wanda ya ba majinyaci damar ɗaukar wanda yake so, har da ɗansa ko 'yarsa, maimakon a turo masa baƙo. Hajiya ta ce ita ba za ta yarda wani ya ga tsiraicinta ba muddin tana da 'ya mace. Ƙa'idar tana da iyakoki da ya kamata a sani tun da wuri: miji ko mata ba ya zama mai kula da abokin aurensa a biya shi, sannan wanda aka naɗa wakilin majinyaci, mai tsara aiki da amincewa da awanni, ba zai zama shi ne ma'aikacin ba. Saboda haka Yaya ya zama wakili, ni na zama ma'aikaciya. Aka buƙaci in yi gwajin lafiya da na tarin fuka, in kawo shaidar rigakafin ƙyanda da rubela, da takardar izinin aiki da fom ɗin haraji. Katin rigakafina na yarinta ya ɓace tun a Zariya, sai da aka ɗibi jinina aka tabbatar, na biya daga aljihuna na kuma jira mako guda. Wasu a cikin jama'armu sun yi ta magana cewa yaya za a biya mutum don ya kula da uwarsa. Na ji zafin maganar, amma ban yarda da ita ba, domin na ajiye aikin da nake ciyar da gida da shi, kuma a garin da haya ba ta jira, wanda ya zauna da mahaifiyarsa ba tare da abin shiga ba zai tashi ba shi da wurin da zai ajiye ta. Mafi ƙarancin albashin mai kula da gida a birnin a 2024 dala 18.55 ne a awa, ya koma 19.10 a 2025.

Ranar da na fara aiki a hukumance ce na fara sanin ma'anar sa ido. Aka sa mini manhaja a waya, in danna in na fara, in danna in na tashi, tana ɗaukar lokaci da wurin da nake. Da farko abin ya ba ni haushi ƙwarai, ina cikin ɗakin mahaifiyata amma ina sanar da na'ura cewa na iso. Hajiya ce ta ce a zamaninta ma ta wayar gidan majinyaci suke bugawa, don haka ba sabon abu ba ne. Da na bincika sai na ga cewa tushensa Majalisar Dokokin Amurka ce, a wata doka da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Disamban 2016, wadda ta wajabta wa kowace jiha tabbatar da ziyara ta na'ura, abin da ake taƙaitawa da EVV. Dokar ta lissafa abu shida da dole a adana: irin hidimar da aka yi, wanda aka yi wa, wanda ya yi, ranar, wurin, da lokacin farawa da gamawa. Jihar da ta ƙi bi ana zabtare mata kason tarayya, har ya kai kashi ɗaya cikin ɗari, wanda a kasafin Medicaid na New York ba ƙaramin kuɗi ba ne. A nan jihar tsarin ya fara aiki ga masu kula da gida ranar 1 ga Janairun 2021. Dannawar da nake yi da asuba tana tafiya ne daga wayata zuwa kamfanin biyan albashi, daga can zuwa rumbun bayanan jiha, inda ake gwama ta da takardar neman kuɗi.

Kuskurena mafi girma ya faru ne a lokacin da aka kwantar da Hajiya a asibiti kwana huɗu saboda ciwon huhu. Ni ce nake kwana da ita, ina ba ta abinci ina juya ta, aikin ma ya fi na gida yawa, don haka na ci gaba da danna manhaja kamar kullum da zuciya ɗaya. Bayan mako biyu aka kira Yaya aka ce an ga awanni a ranakun da Medicaid yake biyan asibiti kuɗin gado, kuma ba a biyan kulawar gida ga wanda yake kwance a asibiti, domin biya biyu ne a kan mutum ɗaya. Jikina ya yi sanyi, saboda na san akwai ofishin Sufeto Janar na Medicaid a jihar, wanda yake bincike yana ƙwato kuɗin da aka biya ba bisa ƙa'ida ba, akwai kuma sashe a ofishin Antoni Janar da ke gurfanar da masu zamba a Medicaid. Muka rubuta bayani a ranar, muka haɗa da takardar shiga asibiti da ta sallama, aka soke awannin, aka cire kuɗin daga albashina na gaba, maganar ta mutu a nan. Abin da ya cece mu shi ne ba mu ɓoye komai ba. A cikin yarjejeniyar da Yaya ya sa wa hannu tun farko akwai sharaɗin cewa dole a sanar da kamfanin inshora da na albashi duk wani sauyi, kamar kwanciya a asibiti ko sauya gida ko lambar waya, amma mun sa hannu ba mu karanta ba.

Bayan an sake tantance Hajiya, sai ga wasiƙa daga kamfanin inshora cewa za a rage awanni daga 35 zuwa 28, wai ta samu sauƙi. Wasiƙar ta kwana uku a akwati kafin in gani. A bayanta, cikin ƙananan rubutu, akwai wa'adi biyu da suke rikita mutane. Kana da kwana 60 ka ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, amma in kana so a bar maka awanninka yadda suke har a yanke hukunci, sai ka shigar cikin kwana 10 daga ranar da ke jikin wasiƙar, ko kafin ranar da ragin zai fara aiki. Na kira ICAN, cibiyar da jiha take ɗaukar nauyinta domin taimaka wa masu irin wannan inshora kyauta, suka nuna mini yadda zan nemi kwafin tantancewar da aka dogara da ita. Na shigar da ƙara a rana ta takwas, da wasiƙar likitan Hajiya da kuma littafin da nake rubuta abin da nake yi mata kowace rana. Kamfanin yana da kwana 30 ya amsa, ya kuma amsa da ƙi. Daga nan muka nemi zama a gaban alƙalin gudanarwa na jiha, wanda ake da kwana 120 a nema, amma nan ma sai cikin kwana 10 in ana so awanni su tsaya. An yi zaman ta waya da tafinta. Alƙaliyar ta tambayi wakilin kamfanin wane sauyi ne takamaimai ya faru a jikin Hajiya, ni kuma na karanto daga littafina, rana da rana. Bayan 'yan makonni hukunci ya iso a rubuce cewa a bar awa 35.

Sai kuma babban sauyin 2025. A kasafin kuɗin da majalisar jiha ta amince da shi a Afrilun 2024, an saka cewa kamfanonin biyan albashin CDPAP, waɗanda gwamnati ta ce sun kai kusan 600, za a maye gurbinsu da kamfani ɗaya tak, da hujjar cewa kuɗin shirin ya haura dala biliyan 9 a shekara kuma bibiyar ɗaruruwan kamfanoni ta gagara. A shekarar ce kuma ofishin babban mai binciken kuɗi na jiha, Thomas DiNapoli, ya fitar da rahoton cewa an biya biliyoyin daloli na kulawar gida ba tare da bayanan EVV da suka dace da su ba. Aka sa 1 ga Afrilun 2025 a matsayin wa'adi, kowane majinyaci da ma'aikacinsa su sake rajista daga farko, har sai da kotun tarayya ta shiga tsakani ta ƙara wa mutane lokaci. Mu mun yi tamu rajistar cikin azumi, muna loda takardu bayan tarawihi. Albashina na mako ɗaya ya maƙale a tsakani, na yi ta waya ban samu bakin zaren ba, har wata maƙwabciya ta ce in je ofishin ɗan majalisar jiha na mazaɓarmu. Ban taɓa sanin cewa waɗannan ofisoshi suna da ma'aikata na musamman masu karɓar koken jama'a ba, kuma ba sa tambayar ko ka zaɓe su. Na cike takardar ba su izinin magana a madadina, na ba su hotunan dannawata da ranakunsu, kuma cikin kwanaki kuɗin ya shigo.

A watan Agustan 2025 kwamitin lafiya na Majalisar Dattawan jiha, ƙarƙashin Sanata Gustavo Rivera na Bronx, da kwamitin bincike ƙarƙashin Sanata James Skoufis, suka yi zaman jin bahasi a kan wannan sauyi. Na kalla ta intanet ina zaune kusa da gadon Hajiya. An titsiye jami'ai da tambayoyi kan yadda aka ba da kwangilar da kuma koke-koken ma'aikata game da albashi da inshorar lafiya. A nan ne na fahimci cewa majalisa ba ta ganin ɗakin Hajiya, abin da take gani shi ne alƙaluman da ma'aikatar lafiya ta kawo, da rahoton masu binciken kuɗi, da koken da mutane suka kai ofisoshin wakilansu. Haka kuma a farkon kowace shekara ana zaman kasafin kuɗin lafiya a Albany, babban birnin jihar, inda kwamishinan lafiya da daraktan Medicaid suke amsa tambayoyi kafin shekarar kuɗi ta fara ranar 1 ga Afrilu, kuma kowa yana iya aika bayaninsa a rubuce. Ra'ayina shi ne sa idon ya fi nauyi a kanmu na ƙasa: ni in na makara minti goma na'ura ta sani nan take, amma tambayar da aka yi wa manya takan ɗauki watanni kafin a ji amsarta. Duk da haka ban ga hikimar yin shiru ba, kuma mu Hausawa muna da wannan ɗabi'a ta barin komai ga haƙuri, har ya zama babu sunanmu a cikin koken da ake ƙirgawa.

Wanda zai shiga wannan hanya, ya tanadi jaka ɗaya ta takardu tun ranar farko, ya riƙa ajiye kowace wasiƙa da ambulan ɗinta, domin wa'adi daga ranar da ke jikin takarda ake ƙirga shi, ba daga ranar da ka buɗe ba. Ya riƙa rubuta ranar kowace waya da lambar koken da aka ba shi, ya kuma ɗauki hoton kowace dannawa, saboda ranar da lissafi ya saɓa, abin da ke hannunka shi ne shaidarka. Kada ya danna wa wani, kada ya bari a danna masa, ko da ɗan'uwa ne ya roƙa, kuma kada ya saurari masu cewa a rubuta awanni a raba kuɗi, domin a doka wannan zamba ce, kuma wanda bai zama ɗan ƙasa ba tana iya shafar takardun zamansa. Ya tuna cewa Medicaid ɗin kansa ana sabunta shi duk shekara, in fom ɗin sabuntawa ya wuce ba a mayar ba, kulawar ma tana iya tsayawa.

Batun tafiya kuma ya fi shafar mu fiye da kowa, domin iyayenmu ba sa rabuwa da marmarin gida da na Makka. Medicaid ba ya biyan hidimar da aka yi a wajen Amurka, kuma wanda ya bar yankin kamfanin inshorarsa fiye da kwana 30 a jere ana iya cire shi, ya dawo ya sake bin layi. Hajiya ta ƙudurta yin umara, tana kuma so ta biya Zariya ta ga ƙannenta. Muka zauna da ita da kalanda, Yaya ya ce, "Hajiya, in muka haɗa biyun za mu wuce wata, ki zaɓi ɗaya bana." Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce umara. Na riga na sanar da mai kula da fayil ɗinta ranar tashi da ranar dawowa a rubuce, kwana 16 ke nan, kuma a cikinsu ba zan taɓa manhajar ba, ko da yake ni ce zan tura kekenta a ɗawafi.